Yadda ake shirya fim ɗin waƙa a kan rayuwar 'yar barkwanci

Fim ɗin waƙa a kan mace mai ba mutane dariya yana da wahalar da ba a hango ta daga nesa. Dole jarumar ta ba da dariya ta gaske, irin wadda mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki da waya a hannu. Dole waƙoƙin su ja labarin gaba. Sannan dole mai kallo ya yarda da soyayyar har ya ji ciwon rabuwa. In ɗaya ya rushe, sauran biyun ba za su iya ɗaukar fim ɗin ba. Wannan bayani don ƙananan ƙungiyoyin fim da na wasan kwaikwayo ne, irin waɗanda ake samu a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri, masu kyamara ɗaya ko biyu da janareton haya.

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya, ku zauna ku kalli Funny Girl, fim ɗin Amurka na 1968 wanda William Wyler ya ba da umarni, aka ɗauko shi daga wasan dandamali na 1964. Barbra Streisand ce ta fito a matsayin Fanny Brice, 'yar barkwancin da aka haifa a birnin Niyok a 1891 ta rasu a 1951, wadda ta yi suna a wasannin Florenz Ziegfeld, mai shirya wasannin dandamali, tun daga 1910. Omar Sharif, ɗan ƙasar Masar, shi ya fito a mijinta Nick Arnstein, ɗan caca mai iya sa sutura da iya magana. Fim ɗin ya kai kusan awa biyu da rabi. Ku kalle shi sau biyu. A karo na biyu ku riƙe takarda da agogo, ku riƙa rubuta a minti na nawa kowace waƙa ta shigo, me ya faru dab da shigowarta, me ya canza bayan ta ƙare. Akwai rawa da shiga da sumbata waɗanda ba su da wuri a fim ɗinmu. Ginin labarin kawai za ku ɗauka, kuma kada ku taɓa karin waƙoƙinsa, domin suna da masu su, YouTube ma na iya kama muku fim a kansu.

Ginin labari

Abin da takardarku za ta nuna shi ne mafi yawan waƙoƙin suna rabin farko, lokacin da yarinyar ke hawa. Da aka yi aure aka shiga matsalar kuɗi sai waƙa ta ragu, magana da shiru suka ƙaru. Wannan ragin da gangan ne, kuma shi ke sa waƙar ƙarshe ta yi nauyi. Ku yi nufin fim na minti 90 zuwa 100. Shafi ɗaya na rubutun fim kan ba da kusan minti ɗaya, don haka kuna neman shafi 75 zuwa 80 na magana, da waƙa shida, kowace tsakanin minti biyu da rabi zuwa uku da rabi. Huɗu kafin aure ko dab da shi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe.

Waƙoƙin iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Akwai waƙar da jarumar ke yi a gaban jama'a a matsayin sana'a, a gidan biki ko a kan dandamali. Akwai kuma waƙar zuci, wadda ba wanda ke jin ta a cikin labarin sai mu masu kallo. Ku raba su da kayan kiɗa. Ta sana'a ku ba ta kiɗan ƙwarya, kalangu, tafi da amshin mata, irin yanayin amada inda habaici da raha suke cikin waƙar tun asali. Ta zuci ku bar ta da kayan kiɗa ɗaya ko biyu, gurmi ko sarewa da fiyano mai laushi, babu 'yan amshi. Da mai kallo ya ji bugun farko zai san ko a fili muke ko a cikin ranta.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: ku cire waƙar daga rubutun ku karanta fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta. In labarin ya tafi daidai ba a rasa komai ba, waƙar kaya ce kawai, ku jefar da ita ko ku ba ta aiki. A cikin Funny Girl akwai fitowar da aka sa Fanny ta rera waƙar amarya kyakkyawa a tsakiyar 'yan mata dogaye, alhali ta san jama'a za su yi mata dariyar da ba ita ta nema ba. Sai ta cusa matashin kai a ƙarƙashin rigar amarcin ta fito kamar mai ciki. A minti kaɗan an nuna tsoronta, wayonta, taurin kanta, da rigimar da za ta biyo baya da maigidan wasan. Irin aikin da kowace waƙa ya kamata ta yi ke nan. Naku zai iya zama yarinyar Argungu da aka ɗauka 'yar amshi, ta kasa bin sahun tafi, uwar ƙungiya na harararta, sai ta juya kuskuren ta shiga kwaikwayon tafiyar dillaliya da muryar ɗan kabu-kabu mai neman canji, matan biki suka bar amarya suka zagaye ta suna liƙi.

Kada ku goge mata harshe. Fanny Brice ta gina wani ɓangare na barkwancinta a kan lafazin Yahudawan unguwannin Niyok. Jarumar da ke cewa "mi" da "ɗiya" a gidan uwarta ta ci gaba da faɗinsu a kan dandamali. Rabin dariyar yana cikin karin maganar.

Mijin shi ne inda fina-finai da yawa ke karyewa. In kun nuna shi mugu tun farko, mai kallo zai raina hankalin jarumar da ta so shi. Ku ba shi fitowa biyu ko uku da zai yi abin kirki na gaske: shi ne mutum na farko da ya gan ta mace mai kyau ba abar dariya ba, shi ya tsaya mata da aka so a cuce ta a kuɗin wasa. Faɗuwarsa kuma ta zo daga girman kai. Ku ce ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, ya saye da yawa ya ajiye yana jiran farashi, ta ruɓe masa, bashi ya taso, ita kuwa sunanta na ƙara tashi har a kasuwa ana nuna shi ana cewa ga mijin wance. A Funny Girl matar ta bi ta bayan fage ta zuba kuɗinta a wata harka don a jawo shi ciki ba tare da ya sani ba, ya gano, wannan ya tura shi cikin harkar damfara da ta kai shi kurkuku. Ku rubuta irin wannan fitowa a taƙaice. Ya shigo ya tsaya bai zauna ba, ya ce, "Hajiya, kuɗɗin wa na?" Ta ce, "Maigida, ai ni da kai duk ɗaya muke." Ya yi shiru ya ɗauki hularsa. Kada ku ƙara kuka ko jawabi.

Soyayyar kuma ba ta buƙatar taɓa jiki. Zance a zaure, kallo, saƙon da ƙanwa ta kai, kujerar da ya saba zama a gaban dandamali da rannan aka gan ta babu kowa, duk sun isa. Ko su can sai da hoton sumbatar Sharif da Streisand ya tayar da ƙura a jaridun Masar, saboda aikin fim ɗin ya zo daidai da yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967.

In labarin wata mace ta gaske za ku yi, ku sami yardar ta ko ta magadanta a rubuce kafin ku kashe ko sisi, kuma ku sani yardar tana zuwa da sharaɗi. Ray Stark, furodusan Funny Girl, surukin Fanny Brice ne, yana auren 'yarta. Fim ɗin ya tsallake aurenta na farko, ya kuma sassauta laifuffukan Arnstein, wanda a zahiri sau biyu ya shiga kurkuku. Ƙirƙirar mace da ba ta taɓa rayuwa ba ya fi sauƙi, ya kuma fi ba ku 'yancin faɗin gaskiya.

Waƙa kafin kyamara

Ana gama waƙoƙi a sitidiyo kafin a fita lokeshan. Ku ɗauka a 48 kHz, ku fitar da su a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ku kai su a filashi, kada a turo su ta WhatsApp a matse su. Abu mafi muhimmanci: da an fara ɗaukar hoto, tsawon waƙa da saurinta sun kulle. Mai sitidiyo na iya gyara sauti daga baya, amma in ya ƙara baiti ɗaya ko ya ɗan ƙara gudu, duk bakin da aka ɗauka ya tashi a banza. Ku sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata, shi kaɗai za a kunna a lokeshan, shi kuma edita zai ɗora.

Ku ce wa mai sitidiyo ya sa bugu huɗu a gaban waƙar, sannan ya yanka ta gida-gida, kowane yanki na daƙiƙa 30 zuwa 45 da nasa bugu huɗun. Da haka in ana son maimaita baiti na uku ba sai an faro daga farko ba, jarumar kuma ta san daidai inda za ta buɗe baki. Ku hana shi goge numfashin mawaƙiya tsakanin layuka, ku kuma hana shi cika na'urar gyaran murya har ta koma kamar ta ƙarfe. 'Yar barkwanci na wasa da murya, tana karya ta, tana shaƙe ta, tana dariya a tsakiyar kalma, na'urar kuwa duk wannan take gogewa.

In jarumar na iya waƙa ko da daidai gwargwado ne, ita ta rera. In dole sai an ɗauko mawaƙiya, ku zaɓi wadda kaurin muryarta ya yi kusa da na maganar jarumar, ku zaunar da su tare a sitidiyo, jarumar ta nuna inda za ta yi fari da ido ko ta ja baki don mawaƙiyar ta sa hakan a murya. A ba jarumar waƙoƙin aƙalla mako biyu kafin ɗauka. A gaban kyamara kuma ta rera da ƙarfi da muryarta, ko da ba za a yi amfani da ita ba. Mai motsa leɓe kawai wuyanta ba ya motsi, ƙirjinta ba ya ɗagawa, kuma ido na gane wannan nan take.

Sifika ta kasance kusa da jarumar, mita uku ko huɗu, a haɗa ta da waya da igiya, a sa wayar a yanayin jirgi kada kira ya katse ɗauka. Dalilin kusancin lissafi ne. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, a firam 25 kuwa, wato hotuna 25 a daƙiƙa, kowane firam daƙiƙa 0.04 ne, wato duk mita 14 da ke tsakanin sifika da kunnenta suna jinkirta bakinta da firam ɗaya. In sifikar na gefen kyamara, ita kuma tana can nesa, edita zai daidaita sauti ya ga baki na zuwa a makare, sai ya zauna yana turawa da hannu.

Duk kyamarori su kasance a firam 25, saurin shata kuma, wato lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane firam, 1/50 na daƙiƙa, domin wutarmu 50 Hz ce, in aka saɓa fitilu za su riƙa ƙiftawa a hoto. Wayoyi da yawa suna canza yawan firam da kansu a tsakiyar ɗauka, shi ya sa bakin ke daidai a farko ya zame a ƙarshe. In da waya kuka ɗauka, edita ya fara mayar da fayil ɗin zuwa firam 25 tsayayye kafin ya soma yanka. Mai son a ga mayafi na tashi a hankali alhali baki na daidai da waƙa, ya ɗauka a firam 50 yana kunna waƙar da ninkin saurinta. Layuka masu jan murya kawai ke jure wannan, masu kalmomi a cushe ba za su biyu ba.

Ranar ɗaukar dandamali

A nan ake cin fim ko a faɗi. Mutum 40 sun isa su cika zaure a idon kyamara in kun cika layuka uku na gaba, kuka bar baya da duhu, sannan kuka sauya musu wurin zama da ɗankwali kafin ku juya kyamara ɗaya gefen. Amma dokar da ba a karyawa ita ce kada 'yan kallon su ga barkwancin a lokacin gwaji. Ku yi gwaji da safe zauren babu kowa, sannan a shigo da su. Dariyar farko ce ta gaske, kuma sau ɗaya take zuwa. Don haka a ɗauka ta farko kyamara ɗaya na kan jarumar, ta biyu na kan fuskokin jama'a. In kyamara ɗaya gare ku, jama'a za ku fara ɗauka, domin jarumar na iya maimaita nata.

Ku ɗauki barkwanci daga ɗan nesa, daga gwiwa zuwa sama ko jiki gaba ɗaya. Dariyar tana cikin kafaɗa, ƙugu, taku da yadda take juya zane, kuma kusanto da kyamara kan fuska na yanke duk wannan. Fuska kusa ta fitowar gida ce, inda take ita kaɗai.

Kafin a sallami jama'a a tsayar da komai a ɗauki sautinsu kawai: ƙaramar dariya, matsakaiciya, ta ƙyaƙyatawa, tafi, guɗa, kowanne daƙiƙa 30, sannan minti ɗaya na shirun zauren. Edita zai cike giɓi da su. Dariyar da aka sauko da ita daga intanet ba ta da muryar matanmu, kunne na ƙin ta.

Janareto ya yi nisan mita 30 zuwa 50, a bayan katanga, a fili inda iska ke wucewa. Kada a kulle shi a ɗaki don a rage ƙara, hayaƙinsa na kisa. Janareto mai 3 zuwa 4 kVA ya isa fitilun LED huɗu ko biyar da caji, in dai wayar wutar mai kauri ce, 2.5 mm, domin siririya a irin wannan nisa tana zafi tana rage ƙarfin wuta. In mai ya kusa ƙarewa janareto na rawa, fitilu masu araha kuma su bi shi, don haka a cika shi kafin kowace doguwar ɗauka. Ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a riga yana jin gogar mayafi da ƙarar awarwaro da sarƙa. A manne shi da filasta a inda yadi ba ya motsi, a cire awarwaron hannun da ba ya cikin hoto. A tsara hutu a kan lokutan salla tun a takarda, a kuma lissafa cewa waƙa ɗaya ta dandamali na cin yini guda cur. Lalle na dusashewa cikin kwanaki, don haka duk fitowar biki a haɗa su a jere, a riƙa ɗaukar hoton hannu da ɗaurin kai kowace safiya.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi na haura digiri 40, kyamara na kashe kanta, kwalliya na narkewa. Da damina ruwa a kan kwano na cinye magana. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, kafin hazon hunturu ya yi kauri. Fitowar waje a yi ta daga fitowar rana zuwa ƙarfe goma, ko bayan La'asar.

Waƙar tafiya da waƙar ƙarshe

Rabin farko na Funny Girl ya rufe da waƙar da Fanny ta bar abokan aikinta ta bi saurayin, daga jirgin ƙasa zuwa mota zuwa ƙaramin jirgin ruwa. Kebbi na da abin yin wannan: tashar mota, doguwar hanya a tsakiyar fadamar shinkafa, sai bakin kogi a Yawuri da kwale-kwale. Ku raba baitocin tun a gida, wannan na tasha, wannan na cikin mota, wannan na ruwa, a ɗauki kowanne da ƙarin layi ɗaya gaba da baya don edita ya sami wurin haɗi. Ta riƙa tafiya gefe ɗaya a duk hotunan, misali daga hagu zuwa dama. In ta juya a hoto ɗaya, mai kallo zai ɗauka ta fasa ta koma gida. A kan ruwa a nemi izinin sarkin ruwa, a ɗauki matuƙi ɗan wurin, a yi da safe kafin iska ta taso, kusa da gaɓa, kowa da rigar ceto har da jarumar, ko da za ta fito a hoto. Kyamara a jirgi na biyu, kada a cika ko ɗaya da mutane, kuma kada a yi lokacin da kogi ya cika.

Waƙar ƙarshe ita ce kaɗai za ku ɗauka da muryar lokeshan in jarumar ce ke rerawa. Streisand ta rera farkon tata kai tsaye a gaban kyamara, da baƙaƙen kaya a cikin duhu, fuska da hannuwa kawai ake gani, domin muryar mai kuka ba ta bin faifai. Ku rataya baƙin yadi mita uku a bayanta, fitila ɗaya daga sama a ɗan gefe, a kare haskenta kada ya faɗa kan yadin. A kashe sifika, a sa mata ƙaramin abin kunne a ƙarƙashin ɗankwali tana jin kiɗan, makirfo kuma kusa da ita sosai. A yi da dare bayan Isha, fitilar a kan batir, janareto a kashe. Kowa ya fita sai mutum huɗu. Kada a wuce ɗauka uku, bayan nan kukan ya zama na aiki.

Wajen yanka, edita ya bar wa dariya wuri. In jarumar ta saki magana, a ba ta daƙiƙa biyu ko uku kafin layi na gaba, in ba haka ba mai kallo na cikin dariya zai rasa abin da ya biyo. Ku tara mutum goma da ba su san labarin ba, maza da mata, ku nuna musu yankan farko, wani ya zauna a baya yana rubuta inda suka yi dariya da inda suka duba waya. Duk barkwancin da bai motsa kowa ba a cire shi, ko da ya ci yini guda ana ɗauka. A ajiye komai a ma'ajiyar fayil ta kwamfuta (hard disk) guda biyu a gidaje biyu. Tun kafin ɗauka a gai da mai unguwa da hukumomin da abin ya shafa a nuna musu abin da za a yi, musamman fitowar da ke tara mata da kiɗa, sannan kafin a saki fim ɗin kasuwa a kai shi hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da ta jihar da za a nuna shi in tana da tata. Yarjejeniyar mawaƙi, makaɗi da mai sitidiyo kuma a rubuta ta a sa hannu kafin waƙar farko ta fita, a faɗi a fili wa ke da waƙoƙin, wa kuma zai ɗora su a tasharsa.